A Bar Shela

Illo, Fabrairu 1960

Zuwa ga ƙanena Malam Attahiru, akawun Alhaji Ɗanmaliki mai mota, a Bagudo.

Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo da wuri.

Na san za ka juya takardar nan kana neman wanda ya rubuto. Ni ne Bunyaminu tela, na bakin kasuwar Illo. Kakata Fatimata da kakarka Ruƙayyatu uwa ɗaya uba ɗaya suke, 'yan Kurgu. Mun taɓa haɗuwa wurin wata rasuwa a Sharabi, kana ɗan makaranta. Ban yi zaton ka riƙe ni ba, kuma ban ga laifinka ba.

Abin da ba ka sani ba, shekarar da sanƙarau ya ratsa ƙasar nan ya kwantar da ni. Na tashi da raina, amma ban tashi da kunnuwana ba. Tun daga nan ko tsawa ba na ji. Baki yana magana, ido yana gani, ƙafa tana taka keke. Boko kuwa na koye shi a ajin yaƙi da jahilci tun kafin ciwon, shi ya zame mini kunne. Wanda ya iya sai ya zana mini magana a ƙasa, wanda bai iya ba ya yi mini nuni da hannu. Mafi yawa ɗaga mini hannu suke yi su wuce.

Ga dalilin takarda. Ɗiyata Mariya da ke aure a Jega ta haifi namiji, jikana na fari. Matata Barira ta riga ta tafi can tun cikin yana tsufa. Aka aiko mini da ranar suna. Na ɗinka 'yan riguna, na ɗaure kayana, ranar Alhamis na yi sammako na taka zuwa bakin Kwara kamar yadda aka saba, don in haye in tarar da motarku a mashigi. Ka san nisan wurin. Na iske bakin ruwa wayam, sai Maliki mai fito yana toshe jirginsa. Ya dube ni, ya dubi kayana, ya nuna bayansa da babban yatsa, wato jiya. Mota ta zo Laraba ta tafi. Ashe an canza rana, Yero mai shela ya zagaya gari da labarin, ta ƙofar shagona ma ya bi. Kowa ya ji. Ni na ga wucewarsa, na ga bakinsa a buɗe, na ɗauka cigiyar akuya yake yi.

An raɗa wa jikana suna babu ni. Ba shi ne karo na farko da mota ta yi mini haka ba, amma wannan ya zauna mini a rai.

Ban zo da ƙara ba. Roƙona ɗaya ne, ka kai wa Alhaji: a kafa allo a bakin kasuwa, a riƙa rubuta ranar mota a kai, a bar shela. In babu mai rubutawa ni zan rubuta, katako da alli ba za su gagare ni ba. Ku dai ku riƙa aiko mini da ranar a 'yar takarda ta hannun Maliki.

Ka gai da mahaifiyarka in tana raye. In ta riga mu, Allah ya jiƙanta. Ka ga inda zumunci ya kai, har sai na yi tambaya irin wannan.

Yayanka,
Bunyaminu

Bagudo, Maris 1960

Zuwa ga Yaya Bunyaminu,

Takardarka ta same mu lafiya, Allah ya sa wannan ta same ka haka. Inna tana nan da ranta, sai ciwon gwiwa. Da na karanta mata sunanka ta ce, “Mai tabo a gira, wanda jakin Kurgu ya harba?” Ta yi ta dariya har na kai wurin kunnuwanka. Ta ce a yi maka jaje, ko da yake jajen ya makara da shekaru. Barka da samun jika, Allah ya raya.

Kada ka ɗauka wulaƙanci ne ke sa rana tana canzawa. Mota ɗaya ce, kuma ta tsufa. In wani ƙarfe ya karye sai an aika Gusau. In 'yan gyaɗa suka ɗauke ta haya, Alhaji ba ya iya cewa a'a. Ni kaina wani lokaci da safe nake jin an sake rana.

Na sami Alhaji a gindin tsamiya yana kallon direba yana kwance taya. Na karanta masa takardarka tun daga sama har ƙasa. Ya ce, “Kurma ne ya rubuta wannan?” Na ce shi ne. Ya ce, “To ya fi masu kunnen hankali. A yi yadda ya ce.”

Ni ma abin ya yi mini daɗi. A tashar jirgin ƙasa ta Zariya haka na ga ana yi, baƙin allo da farin alli, mutum ya zo ya duba ya kama gabansa. Ga shi bana za mu karɓi ƙasarmu, ya kamata a ga mun shirya ko da a abu ƙarami ne.

Saboda haka an yi yadda ka nema. Allo a hannunka yake, shela kuma an bar ta. Ga gwangwanin baƙin fenti nan da ya rage daga bodin mota, Maliki zai ba ka. Motar wannan makon Alhamis ce.

Ƙanenka,
Attahiru

Illo, ƙarshen Mayu 1960

Ƙanena Attahiru,

Gaisuwa da fatan alheri. A gai da Inna, a ce mata tabon yana nan. In ta sami man kaɗanya ta riƙa shafa wa gwiwar da ɗumi.

Allo ya kafu a jikin rumfar mahauta, inda kowa ke bi. Fentin ya isa har ya rage. A watan jiya na rubuta Asabar da hannuna, na kwana na tashi na taka bakin ruwa, na haye, ga mota tsaye. Ba zan iya gaya maka yadda na ji ba. Na je Jega na ɗauki jikana, yana da nauyi. Mariya ce dai ba ta warware ba tun haihuwar, zazzaɓi yana zuwa yana komawa, don haka Barira za ta ƙara zama. Na dawo ni kaɗai.

'Yar takardarka ta ƙarshe, wadda ka ce an dawo da mota Talata don a riga ruwa, ta zo, na goge na gyara nan take. Na fahimci ita ce ta ƙarshe sai bayan damina.

Akwai wani abu da ban gane ba, wataƙila zaman kaɗaici ne ke sa ni zargi. Yero da muke gaisawa tun muna samari yanzu in ya hango ni sai ya kau da kai. Rannan ya tsaya gaban allon ya daɗe, ya tofar da yawu ya wuce. Na ce ko yana ganin an yi masa kishiyar sana'a ne, zai huce. Amma kwanan nan mutum biyu sun zo sun karɓi yadinsu ban ko yanka ba. Ɗayan ya yi ta magana yana nuna bayan gari, bakinsa yana sauri, ban kama kome ba. Na miƙa masa tsinke ya zana mini a ƙasa, ya jefar. Bai iya ba, na sani, amma jefarwar ce ta dame ni.

An ba ni ɗinkin tutoci na bikin mulkin kai, kore da fari, masu yawa. Shi zai riƙe ni damina.

Yayanka,
Bunyaminu

Illo, Oktoba 1960

Attahiru,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma muna nan. Ban sami takardarka ba tun saukar ruwa, ni ma ban rubuto ba don hanya ta yanke. An yi biki, an raba wa 'yan makaranta tutocin da na ɗinka. Na tsaya na ga ana dukan ganguna, na ji su a tafin ƙafata. Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Barira ta dawo, Mariya ta sami sauƙi. Washegarin dawowarta ta tafi rijiya, ta komo da tulu babu ruwa. Ta zaunar da ni. Ni da ita muna da maganarmu ta hannu da ta leɓe da muka ƙulla cikin shekarun nan, babu abin da ba ta iya gaya mini. Ta ce, “Me ka yi wa Yero?” Na ce ban yi masa kome ba. Ta ce, “Yaushe rabon da a yi shelar mota a garin nan?” Na ce ai kullum ana yi. Sai ta gaya mini abin da ta jiyo a rijiya.

Attahiru, ashe tun watan da aka kafa allo aka sallami Yero. An aiko masa da baki cewa Alhaji ya ce a daina, kuma wai ni na nema. Gari duka ya san haka ban da ni. Damina guda ina zaune cikin mutanen da ke tsine mini, ina ɗaga musu hannu. Ta yaya kurma zai san an yi shiru?

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Akwai wata dattijuwa Dela a unguwar makafi, can bayan marina. Mai daddawa ce a da, yanar ido ce ta rufe mata idanu a hankali. Malamin asibiti da ya zo zagaye ya duba ta, ya ce irin nata ana cirewa, likitan ido zai sauka birni ƙarshen Mayu, kada ta bari motar ƙarshe ta wuce ta. Yero kuwa a ƙofarsu yake ƙarasa shelarsa kullum, ya faɗa da Hausa ya maimaita da Dandanci. Da Dela ta ji shiru ya yi yawa, sai ta aiki maƙwabciyarta Batulu, mai ɗan sauran gani a ido ɗaya, ta tambayo a kasuwa. Wani ya duba allo ya ce mata Alhamis. Bayan nan takardarka ta zo, na goge Alhamis da hannuna na rubuta Talata. Ba wanda ya kai labari bayan marina.

Ranar Alhamis Dela ta dafa kafaɗar Batulu suka taka har bakin Kwara. Suka zauna har rana ta juya, suka dawo cikin ruwan sama. Likita ya zo ya tafi.

Na ce a bar shela, wato a ƙyale ta yadda take, a ƙara allo a kanta. Wa ya ce a daina? Mutum nawa ne ke karanta boko a Illo? Ni, da malaman makaranta, da malamin haraji, da wasu 'yan tsiraru. Dandawan da ke zuwa daga hayin iyaka ko Hausar baki ba dukansu ke ji ba, balle ta allo. Kai da ka yi makaranta, ba ka tsaya ka tambayi kanka yadda makaho zai yi da alli ba?

Na gaji, ba zan ƙara ba. Ka amsa mini.

Bunyaminu

Bagudo, Nuwamba 1960

Zuwa ga Yaya Bunyaminu,

Muna lafiya. Inna ta gode da maganar man kaɗanya, ta ce ya ɗan taimaka.

Takardarka ta farko tana gabana yanzu haka. “A riƙa rubuta ranar mota a kai, a bar shela.” Ranar da ta zo hanya ɗaya na ga tana karantuwa. Yau ina ganin biyu, kuma taka ce ta fi kama da hankali. Amma Yaya, ni ma da na rubuto maka cewa shela an bar ta, ba ka tambaya ba. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. Tambayar da ka yi mini game da makaho da alli, gaskiya ban yi wa kaina ita ba. Ina ta tunanin tashar Zariya.

Labarin Dela ya iske ni tun farkon damina, daga bakin Maliki. Na rubuto maka a lokacin, na ba wani ɗan goro da ya ce zai bi ta Ka'oje. Ashe ba ta iso ba. Da na ji shiru na ɗauka fushi kake yi, sai na ƙyale ka ka huce. Ban taɓa kawowa a raina cewa ba ka ma sani ba.

Na koma wurin Alhaji. Na ce, “Alhaji, a mai da Yero.”

Ya ce, “Wane Yero? Wanda ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ce motata jaka ce mai ciki, tafiya kaɗan hutu da yawa?”

Na ce, “Bayan an sallame shi ya faɗa. Makafi ba su karanta allo, Alhaji.”

Ya ce, “To ni na makantar da su? Kai ka kawo takarda ka ce zamani. Yanzu ka dawo ka ce zamanin bai yi ba. Gobe kuma me za ka kawo?”

Na tsaya ban tafi ba har ya gama alwala. Sannan ya ce duk wanda ya ga zai yi shela ya yi, bai hana ba, amma bakin da ya zagi motarsa ba zai sake kiran sunansa ba. Iyakar abin da na samo ke nan.

Ni ma na gaji, Yaya. Ruwa ya cinye kwalbatin da ke gaban Bagudo, sai an sauke fasinja an tura mota. Duk wanda ta ɓata wa rana ni yake zagi, don ni ke zaune a tebur. An sauke tuta an ɗaga tuta, hanyar tana nan yadda take. Na ji ana neman akawuna 'yan Arewa a Kaduna, na aika da takardata.

Mota za ta fara zuwa mashigi Asabar mai zuwa. In ka ga Dela ka ce mata akwai wani a Bagudo da ke neman gafararta.

Ƙanenka,
Attahiru

Illo, Disamba 1960

Ƙanena Attahiru,

Gaisuwa. Mun tashi lafiya. Na karanta taka, na ga gaskiyarka a inda take. Mu bar wannan, kuma ka san wane barin nake nufi.

Yero ya ƙaura Madekali tun tsakiyar damina, yana yi wa masu motocin Dahomi kiran fasinja. Ni da Barira muka taka can ranar kasuwarsu. A iyaka yanzu kowane gefe da sabuwar tutarsa, amma masu tsaron su ne na da, suka buɗe ƙullin Barira suka ga ƙuli-ƙuli suka ce mu wuce. Mun iske Yero a kan buhun albasa. Na gaya masa duk yadda aka yi, na nuna masa takardarka ko da yake ba ya karatu. Ya saurara har na gama, sannan ya juya ga Barira.

Ya ce, “Ce mishi na yarda ba da gangan ya yi ba. Amma ran da aka ce in daina, ba mutum ɗaya a Illo da ya tashi ya ce a'a. Tun ina saurayi nike tsage maƙogwarona a garin nan. Sai da tsohuwa ta sha ruwan sama suka tuna da ni. Nan ana ba ni abinci, ana kirana da sunana.”

Ya ba mu albasa muka dawo.

Sai na tafi wurin Dela. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in je. Tana zaune a ƙofa tana ɓare kalwa, hannunta bai manta ba. Na durƙusa na fara magana, ban san lokacin da hawaye suka zo ba. Ta bari na yi na gama. Barira ta juyo mini da amsarta kamar haka: “Ce mishi ya daina yi min kuka a ƙofa. Kukan ba ya kai ni birni. Ya gaya min ranar mota.”

Na gaya mata. Wani makaho daga zauren da ke kusa ya ce bai ji ba, a ƙara faɗa. Na ƙara. Daga nan abin ya fara.

Tun da na kurumce ban ɗaga murya ba, don na lura mutane suna duban juna in na yi magana da ƙarfi. Ban san yadda take fita ba. Yanzu duk ran da takardarka ta zo sai in rubuta a allo, in rufe shago, in bi hanyar da Yero ke bi: kasuwa, ƙofar masallaci, unguwar masunta, in ƙare bayan marina, da Hausa da Dandanci. Barira tana bina daga nesa. In muryar ta yi ƙasa ta ɗaga hannu, in ta yi yawa ta sauke. Ina ganin haƙoran mutane a waje, na san dariya ce. Ba kome.

Akwai kuma Ma'azu maƙeri, wanda aka haifa kurma. Ba ya jin shela, ba ya karanta allo. Saboda shi na ɗaura farin ƙyalle a dogon gora kusa da allon, in ya gan shi a sama gobe akwai mota. Kwana biyu da ɗaurawa wani ɗan doka ya zo ya zana mini a ƙasa, “Tutar wace jam'iyya ce?” Na ce ta motar Alhaji Ɗanmaliki. Ya zagaya goran ya duba, ya ce kada dai in sa mata launi.

Maƙogwarona yana ciwo, ɗinki kuma yana taruwa. Ka binciko mini yaushe likitan zai dawo.

Yayanka,
Bunyaminu

Bagudo, Janairu 1961

Zuwa ga Yaya Bunyaminu,

Lafiya muke, da fatan maƙogwaro ya yi sauƙi. Inna ta ce ka riƙa shan zuma da citta.

Na je birni da kaina na tambayo. Likitan ido zai sauka tsakiyar watan gobe, zai yi mako guda. Mota za ta zo mashigi Laraba ta biyu ga watan. Na sa Alhaji ya faɗa a gaban liman cewa ko 'yan gyaɗa sun zo da me, wannan Larabar ba za ta motsa ba. Na kuma hana a ba kowa gidan gaba, na Dela ne da mai rakiyarta.

Maliki ya ce muryarka kamar ana jan garma a kan dutse, amma ba lungun da ba ta shiga, har Dandawa masu zuwa cin kasuwa da ita suke dogara yanzu. Na ce masa zan gaya maka rabin maganar kawai, sai na ga gara in faɗa duka.

An kira ni Kaduna. Zan tafi ƙarshen watan gobe. Ɗanmusa, ɗan ƙanen Alhaji, shi zai zauna a teburina. Na gaya masa maganar 'yar takardar da ake ba Maliki, na maimaita, ya ce ya ji. Ban so in tafi in bar ka da wannan kaya ba, Yaya, amma ina da iyali, kuma in na ƙara damina ɗaya a bakin kwalbatin nan ban san abin da zan zama ba.

Ƙanenka,
Attahiru

Illo, Afrilu 1961

Zuwa ga ƙanena Attahiru, a Kaduna.

Ina gaishe ka da baƙunta. Allah ya sa ka sami masauki mai kyau da shugaba mai haƙuri. Mu nan lafiya, zafi ne kawai. Wannan takardar malamin makaranta zai sa mini ita a gidan waya in ya je birni, ban san yaushe za ta same ka ba.

Larabar ba ta motsa ba, Allah ya saka maka. Dela ta tafi da Batulu, Barira ta raka su. Likita ya duba ya ce idon hagu ya wuce gyara. Barira ta tambayi malamin da ke fassara ko da an zo bara da an cece shi. Ya ce likita ya ce ba zai iya rantsuwa ba. Na so a ce mini i ko a'a, ban samu ba. Na dama an yi masa aiki. Sun dawo da ido a ɗaure, bayan kwanaki aka kwance.

Tana gani, amma ba sosai ba. Tana rarrabe mutum da bango, tana gane ja da fari, tana zuwa rijiya ba dafa kafaɗa. Ranar kasuwa ta zo da kanta ta tsaya a rumfar mahauta, ta kai fuskarta dab da allon, ta shafa shi. Ta tambayi Barira, “Wanga ɗan katakon ne?” Barira ta ce shi ne. Dela ta ce, “Na ɗauka ya kai ƙofar gari girma.” Ta aje mini daddawa a kan keke ta tafi. Ban isar mata da saƙonka na neman gafara ba sai rannan. Ta ce ba ta san ka ba, amma ta yafe.

Yanzu ga inda muke. Ɗanmusa ya aiko da 'yar takarda sau ɗaya bayan tafiyarka, daga nan shiru. Makon jiya mota ta zo ta tafi ba wanda ya sani sai waɗanda suka dace suna bakin ruwa. Na rubuta masa, ba amsa. Maliki ya ce in ya tambaye shi sai ya ce yana zuwa. In kana da hanyar da za ka taɓa Alhaji daga can, ka taɓa shi. In babu, ban riƙe ka da kome ba.

Mutanen bayan marina sun daina jira in je musu. Da hantsi suke zuwa su jeru a inuwar shagona, da sandunansu. Akwai wanda zai kai ɗiyarsa asibiti, akwai mai son zuwa ta'aziyya Sharabi. Ma'azu ma ya zo ya nuna mini goran ba ƙyalle, ya buɗe hannuwa. Yanzu haka da nake rubutun nan suna waje, fuskokinsu duk sun juyo wajen ƙofa, suna jira in buɗe baki, ni kuwa ba ni da abin faɗa.

Maliki yana ganin motar daga tsakiyar ruwa, kuma yana shan shayi da direba. In na taka na same shi, wataƙila ya san wani abu. Rigunan sallar mutane suna nan a yanke ban haɗa ba, rana kuma ta riga ta yi sama. Bari in aje alƙalami in nemi takalmana.

Yayanka,
Bunyaminu